Rumbun ordinatar

Kowane manomi ya san rumbu. In an yanke hatsi, ciki ake zuba shi har damina ta zagayo. Ordinatar, wadda waɗansu ke kira kwamfuta, ita ma tana da nata rumbu. Sunansa faifan ajiya, masu gyara kuwa suna ce masa diski dur. In direktan makaranta ya rubuta sunayen ƴan aji shida da makinsu, ya kashe na'ura, can suke kwana. In faifan ya mutu, sun tafi tare da shi.

Kamfanin IBM ya ƙera faifai na farko a Amurka, cikin 1956. Faranti 50 ne a jere, kowane faɗinsa wajen santimetir 60. Nauyin na'urar wajen tan ɗaya, amma baƙaƙe miliyan 5 kawai take ɗauka. Yau hoto ɗaya ko biyu na wayar salula sun cika ta.

A ordinatar da ake ɗauka cikin jaka, faifai iri biyu ne.

Na fari mai juyawa ne. Cikinsa akwai ƙaramin faranti, faɗinsa santimetir 6 da rabi, an shafe shi da mayen ƙarfe. Yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya, wani ma 7200. Bisa farantin akwai wani ɗan hannu mai karatu da rubutu. Ba ya taɓa farantin, iska ke riƙe da shi. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Nan haɗarin yake. In na'ura ta faɗi daga tebur tana cikin aiki, ɗan hannun yana iya kartar farantin, abin da ke wurin ya goge. Kamfanoni uku suka rage masu ƙera wannan iri: Seagate, da Western Digital, da Toshiba.

Na biyu ana kiransa SSD. Babu abin da ke motsi cikinsa, dangin katin ajiya ne na wayar salula. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, ba ya cin batir da yawa, girgiza ba ta cika yi masa kome ba. Amma ya fi tsada in girmansu ɗaya. Sau da yawa kuma yakan mutu farat ɗaya, ba ƙara ba gargaɗi. In an bar shi shekaru cikin ɗaki mai zafi ba a sa masa wuta ba, yana iya manta abin da aka ba shi.

To, wanne ya kamata a saya? Mai yawo da na'ura ƙauye-ƙauye bisa babur ko amalanke, SSD ya fi masa. Mai son tara hotuna da bidiyo da yawa da kuɗi kaɗan, mai juyawa ya ishe shi, muddin zai bar shi wuri ɗaya.

Kafin saye, a duba ko zai shiga. Wani yana da baki mai faɗi da ake kira SATA, kaurinsa milimetir 7 ko 9 da rabi. Wani siriri ne, tsawon yatsa, sunansa M.2. Sababbin na'urori da yawa ba su da gurbin na farin. Shi ya sa mai wayo yakan tafi kanti da na'urarsa. Girman ajiya kuwa da giga ake auna shi, giga 1000 su ne tera ɗaya. Rubutu ba ya cin wuri, giga 256 sun ishi ofishin makaranta. Bidiyo ne mai haɗama.

Yawancin abin da ake samu a kasuwa na hannu ne. Mai saye ba ya ganin ciki, amma faifan da kansa yana riƙe da lissafi. Yana ƙirga awowin da ya yi aiki da wuraren da suka lalace a jikinsa. Wannan lissafi sunansa SMART, mai gyara yana iya buɗe shi nan take. Shekara ɗaya awa 8760 ce. Faifan da ya nuna awa 26 000 ya yi kusan shekara uku yana aiki dare da rana, kome ƙyallin bayansa. A kuma kasa kunne: wanda ke ƙas-ƙas-ƙas ya kusa mutuwa, ko kyauta aka ba da shi kada a ba shi amana. Sabo kuwa a karɓi takardar garanti.

Zafi ma yana rage masa kwana. Da bazara, kada a ɗora na'ura bisa katifa, don tana toshe ƙofofin iska. Da hunturu a rufe ta da ƙyalle in an gama aiki.

Duk da haka babu faifan da ba ya mutuwa. Direkta mai lura, kowace Juma'a yakan kwafe aikin mako cikin faifai na biyu, wanda ake jonawa da ƴar igiya. Ba ya barin su ɗaki guda, don ɓarawo ko gobara ko ɗigon ruwa kada su haɗa duka biyun. Lokaci-lokaci yakan buɗe na biyun ya ga ko yana karantuwa.

Tambayoyi
1. Don me faɗuwa ta fi cutar da faifai mai juyawa?
2. Faranti yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya. Sau nawa yake juyawa a daƙiƙa ɗaya?