Kafa domen a ƙaramin ofis: kafin ka zargi saba, duba DNS da agogo

Duk wanda ya yi SIWES a ƙaramin ofis ya san yadda abin yake. Kwamfuta goma ko sha biyar, kowace da kalmar sirrinta, fayiloli na yawo a filash daga wannan tebur zuwa wancan, ranar da akanta bai zo ba kuwa aiki ya tsaya don shi kaɗai ke iya buɗe tasa. Sai wata rana oga ya waiwayo ya ce, "Kai ba kwamfuta kake karantawa ba? To gyara mana." Abin da yake nema, ko da bai san sunansa ba, shi ne domen.

A tsarin da babu domen, kowace kwamfuta tana riƙe da jerin masu amfani da ita. A domen kuwa kwamfuta ɗaya ce, wato saba, ke riƙe da rajistar kowa, kamar yadda ofishin rijistara ke riƙe da sunayenmu a makarantar nan. Ma'aikaci na da akawun ɗaya, ya zauna gaban kowace kwamfutar ofis ya shiga da shi. Manhajar Microsoft mai wannan aiki ita ce Active Directory, wadda ta zo tare da Windows 2000 Server.

Kafin ka yi wa oga alƙawari, bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Windows Home ba ta shiga domen, sai Pro, Enterprise ko Education, kuma yawancin laftof ɗin da ake sayowa a kasuwa da Home suke zuwa. Windows Server ma ba kyauta ba ce. Akwai ta gwaji ta kwana 180, ta ishe ka koyo, amma ofis sai da lasisi. In kuɗi ya yi ƙaranci, Samba a kan Linux na iya wannan aikin tun fitowar siga ta 4.0 a 2012.

Girka sabar kanta ba shi da wahala. Ka ba ta suna tun farko, ka ba ta adireshin IP da ba ya canzawa, misali 192.168.10.10. Daga Server Manager ka ƙara Active Directory Domain Services, ka ɗaga ta zuwa mai kula da domen. Wajen zaɓen sunan domen, ka guji ƙarewa da .local, domin na'urorin Apple da firintoci da yawa na amfani da shi wajen gano juna. Gara reshen sunan da ofis ya riga ya mallaka a intanet. Za a nemi kalmar sirri ta DSRM, ta ranar gyara. Rubuta ta, a ajiye a ambulan a wajen oga.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa. Kwamfuta ba ta san inda saba take ba, tambayar DNS take yi, kuma DNS ɗin da ke kan sabar ne kaɗai ya san amsa. Ita kuwa rautar intanet ta ofis, in tana raba adireshi, kanta take bayarwa a matsayin DNS. Sai ka ga YouTube na buɗewa lafiya lau, amma kwamfutar ta ce ba ta ga domen ba. Ni kaina kwana uku na yi ina fama da wannan a ofishin da na yi SIWES. Na sauya waya, na sake girka sabar daga farko, har na fara zargin suwic. Ashe layi ɗaya ne a cikin ipconfig /all, inda aka rubuta adireshin rauta maimakon na saba.

Gyaran shi ne kowace kwamfutar ofis ta riƙi adireshin saba kaɗai a matsayin DNS, ita kuma saba ka saita ta ta tura tambayoyin waje zuwa wani DNS na intanet. Kada ka yi dabarar nan ta sa 8.8.8.8 a matsayin na biyu "saboda ko ta kwana". Wannan ta fi cutarwa, domin abin zai yi aiki yau, gobe ya ƙi: da zarar Windows ta koma kan na biyun, za ta tambayi Google inda sabar ofishinku take, Google kuwa bai sani ba. Haka nan mai raba adireshi ya zama ɗaya, ko rauta ko saba. In ka gama, buga nslookup da sunan domen; in bai dawo da adireshin saba ba, kada ka ci gaba.

Na biyu shi ne agogo. Domen na tantance mutane da tsarin Kerberos, wanda a bisa saitinsa na asali ba ya yarda bambancin lokaci tsakanin kwamfuta da saba ya wuce minti 5. A nan inda ake ɗauke wuta kullum, tsohuwar kwamfuta da ɗan batirinta na CR2032 ya mutu kan tashi da kwanan wata na shekarun baya, mai ita ya rantse kalmar sirrinsa daidai ce, kuma gaskiyarsa. Akwai wata mai rikitarwa: kwamfutar da ke kan yankin lokaci na Amurka, aka juya agogonta da hannu ya yi daidai da na bango. A ido lafiya, amma a lissafin Kerberos ta kauce da awanni. Namu UTC+1 ne. Kwamfutocin domen daga saba suke ɗaukar lokaci, don haka nata agogon ne za ka fi tsarewa.

Sauran aikin kulawa ne na yau da kullum. Izinin folda a ba wa rukuni, kamar na masu lissafin kuɗi, ba mutum ɗaiɗai ba. In sabon akanta ya zo sai ka jefa shi cikin rukunin. Dokokin kalmar sirri da kulle allo ka sa su ta Group Policy. Wanda ya bar aiki a kashe akawun ɗinsa a ranar, ba sai an goge ba tukuna. Kai ma kada ka riƙa lilo a intanet da akawun na mai gudanarwa.

Sannan ka tuna saba ɗaya ce tal. Windows na ajiye bayanan shiga 10 na ƙarshe a kan kowace kwamfuta, saboda haka saba na iya mutuwa mutane su ci gaba da shiga, sai an nemi folda ko firinta asiri ya tonu. Ka sa mata UPS, ka riƙa kwafe System State a wani faifai da ba ya kwana a ɗakin, ka kuma gwada dawo da shi ko sau ɗaya. In ofis zai iya, saba ta biyu ta fi komai.

Ba sai ka jira SIWES ba. Da VirtualBox a laftof mai RAM 8GB za ka iya tayar da saba ɗaya da kwamfuta ɗaya, ko da za ta ɗan yi nauyi. Ka haɗa su a netwok na ciki kawai, kada mai raba adireshinka ya rikita na hostal a zo nemanka. In sun haɗu, ka canza DNS na kwamfutar zuwa 8.8.8.8 da gangan, ka buga gpupdate /force, ka karanta saƙon kuskuren da zai fito da kyau don ka gane shi ranar da oga ke tsaye a bayanka.