Gida a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Alhazanmu na dā, waɗanda suka bar ƙasar Katsina a ƙafa ko a kan jakuna, suka ratsa Barno da Wadai har suka kai gaɓar Bahar Maliya, a Sawakin ko Bur Sudan suke shiga jirgin ruwa su ƙetare zuwa Jidda. To, a ƙarƙashin wannan bahar ɗin, arewa da Bur Sudan, a wani wuri mai duwatsun murjani da ake kira Sha'ab Rumi, wani masani mutumin Faransa mai suna Jak Kusto ya sa aka kafa gidan ƙarfe a shekarar 1963, mutanensa suka zauna a ciki wata guda cur, suna ci suna sha suna barci, alhali ruwa mai zurfin mita 10 yana bisa kansu. Har aku suka sauka da shi. Wasu mutum biyu kuma suka yi mako ɗaya a wani ɗan ɗaki da ke can ƙasa, zurfin mita 30.

Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne ƙofar gidan a ƙasa take, a buɗe kuma, amma ruwa ba ya shiga. Ɗauki ƙwarya ka kifa ta a kan ruwan randa, ka danna ta a hankali ba tare da ta karkace ba, za ka tarar cikinta bai jiƙe ba, domin iskar da ta kama ta tokare ruwan. Wannan ita ce hikimar, sai dai su daga wani jirgin ruwa da ke bisa kansu ake tura musu iska sabuwa ta bututu dare da rana, don kada numfashinsu ya ɓata wadda ke ciki.

Mene ne ya sa mutum mai hankali zai ɗora wa kansa wannan wahala? Dalilin yana cikin halittar jikin ɗan Adam. Duk wanda ya taɓa nutso a madatsar Mairuwa ya san yadda kunne ke zafi in an yi ƙasa, wato nauyin ruwa ne ke danna shi, kuma da an kai mita 10 matsin ya ninka wanda muka saba da shi a tudu. Mai nutso da tulun iska a bayansa, idan ya daɗe a cikin wannan matsi, wani sashi na iskar da yake shaƙa, wanda masana ke kira naitirojin, yakan narke a jininsa da tsokarsa, in kuwa ya yi gaggawar fitowa sai ta tashi kumfa a cikin jijiyoyi, ta jawo azabar ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma ajali. Saboda haka tilas ya riƙa tsayawa a hanya yana jira, ranarsa ta tafi a hawa da sauka. Amma wanda ya tare a can, sau ɗaya tak zai yi wannan jira, ranar komawarsa gida, sauran kwanakin kuwa ya sami sukunin bin kifaye yana lura da cinsu da hayayyafarsu. A ganina wannan shi ne ilmi na haƙiƙa, gama ba a sanin halin halitta da leƙe.

Aikin bai tsaya kan Kusto ba. A gaɓar Fulorida ta Amurka an kafa wani gidan mai suna Aquarius, a zurfin kusan mita 19, mai ɗaukar mutum shida, inda masu binciken murjani kan yi kamar kwana goma, masu shirin zuwa sararin samaniya ma sun yi horo a ciki. Kafin su fito sai an shafe kusan awa 17 ana rage musu matsin iska sannu a hankali. A shekarar 2014 jikan Kusto, Fabiyan, ya yi kwana 31 a wannan gida.

Kowa ya nemi ƙwarya ya liƙa busasshen ganye a cikinta, ya gwada abin da aka faɗa a gaban yaransa, su gani da idonsu.