Yaya Zan Zama Haske Alhali Ina Cikin Baƙin Ciki?

Tambaya: Mijina ya rasu bara bayan doguwar jinya, ya bar ni da yara uku. Kullum fasto yana cewa mu zama haske. Wadda zuciyarta ta yi duhu, da me za ta haskaka? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwata, sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Kuka ba rashin bangaskiya ba ne, Yesu kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru.

Kiran zama haske da ke Matiyu 5:14-16 bai ware masu shan wahala ba. Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar da ta cika da farin ciki. Yusufu ya sha bauta da ɗauri a Masar, amma ta hannunsa aka ceci jama'a a shekaru 7 na yunwa.

Ke kin san kwanan zaune a bakin gadon majinyaci. Idan wata a zumuntar mata ta yi rashi, ki dama kunu ki kai mata, ki zauna ki saurare ta. Ta'aziyyarki za ta shige ta sosai, don kin ɗanɗana abin da take ji.

Idan kuwa kuɗin makarantar yara ya yi miki nauyi, ki sanar da dattawan ikkilisiya. Neman taimako ba abin kunya ba ne.