Darasin Wata: Yadda Ake Binne Bututun Fitar da Ruwan Gida

A gidaje da yawa, ruwan wanka da na wanke-wanke ta rariya yake fita, ya kwanta a gindin katanga. Wannan ruwa yana jiƙa ginin ƙasa, har damina ta zo ta kayar da shi. Sauro kuma yana hayayyafa a cikinsa. Maganin abin shi ne a binne bututu, ya kai ruwan cikin rami, wato sokawe.

Kayan aiki

Ana bukatar bututun roba, da gam na bututu, da yashi, da bulo, da siminti, da igiya, da diga, da shebur. Bututu mai faɗin inci 2 ya isa ruwan wanka. Na masai kuwa sai mai inci 4, kuma raminsa daban ne.

Wurin rami

Ramin ya yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, don kada ƙazanta ta tsiyaya cikin ruwan sha. Ta haka ake kamuwa da amai da gudawa. Ya kuma yi nisan mita 5 daga ginin ɗaki. Kada a haƙa shi har a kusa cim ma ruwan ƙasa.

Yadda ake aikin

1. A ja igiya daga makewayi zuwa ramin. Hanyar ta miƙe sosai.

2. A haƙa ƙasa zurfin kamar ƙafa 2.

3. A ba hanyar gangara. A kowace ƙafa 4, a ƙara zurfin inci 1. In babu gangara, ruwa zai tsaya, datti ya toshe bututun.

4. A tsince duwatsu, a shimfiɗa yashi kaurin inci 4. Dutse yana fasa bututun roba.

5. A jera bututun. Baki mai faɗi ya dubi inda ruwa yake fitowa. A goge bakin, a shafa gam, a haɗa.

6. Duk inda hanya ta karya kwana, a gina ƙaramin akwati na bulo mai murfi. Ta nan ake zura sanda in ya toshe.

7. Kafin a rufe, a zuba bokiti 2 na ruwa. A duba ko yana yoyo, a ga kuma ko ya isa ramin.

8. A fara rufewa da yashi, sannan ƙasa. A daddaɓe a hankali.

Daga ƙarshe a rufe ramin da murfin siminti mai ƙarfi, saboda yara da dabbobi. A sa raga a bakin bututun, ta tare tsumma da leda da ragowar tuwo. Maigida ya nemi shawarar duba-gari kafin a soma haƙa.

Tambayoyi

1. Mita nawa ya kamata a bari tsakanin rami da rijiya?

2. Hanya mai tsawon ƙafa 20, gangarar inci nawa take bukata?

3. Me ya sa ake zuba ruwa kafin a rufe?