Amsar Tambaya: Ina ruwan ƙazantar sabon gida zai nufa?

Tambaya: Wani magidanci daga unguwar Takur a Dutse ya kammala gini, yana tambaya ko zai iya sako bututun banɗakinsa cikin kwalbatin bakin titi.

Amsa: A'a. Magudanun titunan Dutse na ruwan sama ne, kuma gidajen garin sun dogara ne da masai da sokawe. Wanda ya sako najasa a lambatu ya gayyato kwalara da sauro, sannan ya haɗu da 'yan duba-gari da hukumar kare muhalli ta jiha, JISEPA.

Abin da ya kamace shi shi ne ya haƙa rijiyar najasa mai murfi da sokawe a cikin filinsa, nesa da rijiyar sha ko burtsatse da kamar mita 30. Inda ƙasa ke da dutse, ruwa ba ya nutsewa da wuri, don haka ya nemi gwanin magini.

Ya tuna Jigawa ce jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili, a 2022. Kafin haƙa, ya kai zanen gidansa Hukumar Raya Birnin Dutse, DCDA, a duba.