Killace Ma'aikaci Mara Lafiya a Makarantar Kwana da Asibiti

Makarantar kwana, asibiti da kwalejin horo wurare ne da jama'a ke ci daga tukunya ɗaya, su kwana kusa da juna, su yi layi a banɗaki ɗaya. Yankin Kagoro da Kafanchan na da irinsu da dama, tun daga makarantar tauhidi ta ECWA da ke Kagoro da kwalejin ilimi ta Gidan Waya, har zuwa kwalejin koyon jinya da babban asibitin Kafanchan. Idan cuta mai yaɗuwa ta ɓulla a irin waɗannan wurare, hankalin hukuma yakan koma kan ɗalibai ko majinyata. Masu dafa abinci, masu shara, masu wanki da ma'aikatan jinya kuwa sai su ci gaba da aiki, alhali su ne ke shiga kowane ɗaki, su taɓa kowane kwano.

Abin da ya faru a jirgin ruwan shaƙatawa na Diamond Princess ya nuna wannan giɓi ƙarara. A Fabrairun 2020 aka tsare jirgin a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, bayan ɓullar korona. An killace fasinjoji a ɗakunansu, amma ma'aikata sama da 1,000 suka ci gaba da girki da kai abinci ƙofa-ƙofa, suna kwana biyu-biyu ko fiye a ɗaki, suna ci a zaure ɗaya. Cikin ma'aikata 20 na farko da gwaji ya tabbatar sun kamu, 15 na sashen abinci ne. Daga ƙarshe mutum 712 suka kamu. Tun kafin wannan, ƙa'idar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ga jiragen da ke zuwa tashoshinta ita ce mai aikin abinci da ya kamu da amai da gudawa a killace shi har ya yi awa 48 ba alamar ciwo, a kuma riƙa bibiyar abokan ɗakinsa.

A kudancin Kaduna babu teku, amma akwai zazzaɓin Lassa, kuma tarihinsa na nan kusa. A 1969 aka gano cutar, bayan da aka kawo wata ma'aikaciyar jinya ta mishan daga garin Lassa na jihar Borno ta yanzu zuwa asibitin mishan na Jos. Ta rasu, wadda ta yi jinyarta ma ta rasu. A 1970 cutar ta sake ɓarkewa a Jos, ta yi ajalin Dakta Jeanette Troup, wadda ta yanke a hannu tana binciken gawar majinyaci. Ke nan tun farko masu hidimar marasa lafiya ne cutar ta fara ɗauka. Ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar, yana zubar da ita a fitsari da kashi, kuma ta fi tsanani da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ake ƙone daji ɓeraye su gudo cikin gidaje da sito. Mai ɗebo masara ko acca daga sito kullum shi ne a gaba wajen haɗari. Daga mutum zuwa mutum kuma tana bi ta jini, amai, fitsari da sauran ruwan jiki.

Idan ma'aikaci ya kamu da ciwon da ake zargin Lassa ne, matakin farko shi ne a raba mutane gida uku: mara lafiya, waɗanda suka yi mu'amala da shi, da sauran jama'a. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa kashi biyun farko a ɗaki ɗaya, sai mai lafiya ya kwashi cutar a wurin da aka ce an kai shi don kariya.

Duk ma'aikacin da zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku, musamman in ga ciwon maƙogwaro, amai ko kasala mai tsanani, a tsayar da shi daga aiki nan take. Kada a jira ganin jini, domin zubar jini alama ce ta ƙarshe-ƙarshe, kuma yawancin masu cutar ba sa yin ta. A ba shi ɗaki shi kaɗai mai taga, da banɗakinsa ko bokiti mai murfi, da kwanonsa da kofinsa. Mutum ɗaya tak za a ware ya kula da shi, da safar hannu da takunkumi da rigar leda, kuma wannan mutumin ba zai ƙara leƙa kicin ba. A ajiye abinci a kan kujera a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, a ja baya. Ana goge ƙasa da bokiti da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari, wato gwangwani ɗaya na Jik mai ƙarfin 3.5 a gwangwani shida na ruwa, a haɗa sabo kowace safiya.

Wannan ɗaki wurin jira ne kawai, ba wurin magani ba. A ranar da aka killace shi za a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, Kaura ga mutanen Kagoro, Jama'a ga na Kafanchan, ko a kira lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, 6232. Su ne za su ɗauki jini su tsara kai shi cibiyar jinya. Kada a ɗora shi a acaɓa ko motar haya. Maganin ribavirin ya fi amfani in an fara shi a kwanaki shida na farko, don haka kowace ranar jinkiri asara ce.

Abokan ɗakinsa da waɗanda suka taɓa shi ko kayan shimfiɗarsa, a rubuta sunayensu a littafi, a riƙa auna zafin jikinsu safe da yamma har kwana 21, iyakar lokacin da cutar ke ɓoyewa a jiki. Muddin ba su da zazzaɓi ba sa yaɗa Lassa, don haka ba sai an kulle su ba. Sai dai a cire su daga girki da rabon abinci, kuma kada a sallame su gida. Sallamar mutane cikin firgici ita ce ke kai cutar ƙauyukan da babu mai bibiya. Sauran ma'aikata a raba su rukuni biyu da ba sa cin abinci lokaci ɗaya, yadda in rukuni ɗaya ya tsaya ɗayan zai riƙe kicin.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci, ko da yake ba ya cikin littattafan magani. Da yawa daga masu girki da shara 'yan aikin yini ne, ranar da ba su fito ba babu kuɗi. Matar da ke da yara huɗu a gida za ta sha farasitamol ta ɗaura ɗankwali ta koma gaban murhu, kuma ba a ga laifinta ba. Dole hukumar makaranta ko asibiti ta faɗa a fili, tun kafin rani ya shigo, cewa wanda aka killace albashinsa na nan cif, aikinsa na jiransa, kuma ba za a yayata sunansa ba. In babu wannan alkawari, ɗakin killacewa zai zauna fayau cutar na yawo a kicin.

Komawa aiki sai da takardar likita. Wasu da suka warke daga Lassa kan samu raunin ji, saboda haka a duba kunnensu, a kuma sauƙaƙa musu aiki na wasu makonni. Namijin da ya warke ana shawartarsa ya yi amfani da kororon roba har wata uku, domin ƙwayar kan daɗe a maniyyi. A wannan tsakanin a toshe ramukan sito, a mayar da hatsi cikin durom mai murfi, a daina shanya abinci a ƙasa.