Darasin Mako: Kalmomin Farisa da Ke Bakinmu

 Da yawa daga cikinmu in muka ga rubutu da baƙaƙen Larabci sai mu ce ai Larabci ne. Ba kullum ba. Farisanci, harshen Iran, da baƙaƙen Larabci ake rubuta shi kamar ajaminmu, amma danginsa daban. 'Yan'uwansa su ne Kurdanci da Urdu da Hindi, har da Turanci. Bafarishe yana kiran uwa "madar", ɗan'uwa kuma "baradar". Duk wanda ya ɗan taɓa boko ya ji kamar da ke tsakaninsu da "mother" da "brother".

Farisawa sun ƙara baƙaƙe 4 don sautukan da Larabci ba shi da su: p, c, g da zh. In ka ga ba ko jim mai ɗigo uku a ƙasa a jikin kwalin kaya, to mai yiwuwa Farisanci ne ko Urdu. Rashin waɗannan sautuka ne ya sa kalma ke sauya kama in ta shiga bakin Balarabe. "Pars" ta koma "Faris". "Cai" ta koma "shai", mu kuma muka ce shayi. Sukari daga Indiya ya taso, Farisawa suka ce "shakar", Larabawa suka ce "sukkar". "Kandag", wato abin da aka haƙa, ita ce "khandak", ramin da Salmanul Farisi (RA) ya ba da shawarar a haƙa a Madina a shekara ta 5 bayan Hijira.

Wani lokaci kuma kalmomi ake dunƙulewa. Punjab "panj" ce da "ab", ruwa biyar, saboda kogunan yankin. Sunan Pakistan a 1933 Choudhry Rahmat Ali ya harhaɗa shi daga farkon sunayen Punjab, Afghania, Kashmir da Sindh, da ƙarshen Baluchistan. "Stan" ɗin nan ma'anarta wuri ko ƙasa.

Ga inda ake son a kula. An ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa "sijjil" ta cikin Suratul Fil asalinta "sang" da "gil" ne, dutse da laka. Wasu kan ɗauki wannan su rikita yaranmu a waya, wai Alƙur'ani ba Larabci zalla ba ne. Malamai sun daɗe da tattauna mas'alar. Imam Shafi'i ya ce babu baƙuwar kalma a cikinsa. Abu Ubaid ya daidaita maganar: tushen na waje ne, amma Larabawa sun riga sun mayar da kalmomin nasu tun kafin wahayi. Wa zai ce shayi ba Hausa ba ne yau?

Don haka in yaro ya zo da wannan tambaya, kada a kore shi da tsawa. A zaunar da shi a yi masa bayani, ko a kawo shi wurin Malam bayan Magariba. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.